Nawa ke shiga ƙaramar hukumarmu, kuma wa za mu tambaya?

Malam Sanusi:
Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa na wannan zaure. Ina so in gabatar da wata magana, ina kuma roƙon mu tattauna ta cikin natsuwa ba tare da an mayar da ita rigimar jam'iyya ba. Kowane wata kwamitin rabon arzikin ƙasa yana zama ya raba kuɗi tsakanin gwamnatin tarayya da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, abin da ake rabawa ya ƙaru ƙwarai idan da naira aka ƙirga. Mu nan Zamfara ƙananan hukumomi 14 gare mu, kuma kowacce tana da sunanta da kasonta a cikin takardar rabon da hukumar ƙididdiga ta ƙasa take fitarwa. To amma iyakar saninmu ke nan. Mutum zai iya ganin abin da aka ware wa Gummi ko Zurmi ko Tsafe, sai dai tsakanin wannan adadi da rijiyar burtsatse ko rufin aji babu wata takarda da talaka zai bi ya ga inda kuɗin suka sauka. Shin muna da haƙƙin ganin waɗannan takardu? Idan muna da shi, wa za mu tambaya, kuma mece ce makomarmu idan ya hana?

Barista Nasiru:
Wa alaikumus salam, Malam Sanusi. Haƙƙin yana nan a rubuce, kuma ba alfarma ba ce da za a yi wa mutum don an san ubansa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a ranar 28 ga Mayu 2011, ta ba kowa damar neman takardar da ke hannun hukumar gwamnati, kuma sashenta na farko ya faɗa ƙarara cewa mai nema ba sai ya bayyana dalilinsa ba. Dokar ta sha wuya kafin ta fito. Ƙungiyoyin 'yan jarida da na kare haƙƙin jama'a ne suka fara tsara ta tun 1993 a zamanin soja, aka kai ta majalisa a 1999, majalisa ta amince da ita a 2007, amma Shugaba Obasanjo ya sauka bai sa hannu ba, sai da aka sake sabon lale.

Yadda take aiki shi ne, idan ka kai takardar buƙata, hukumar tana da kwana 7 ta ba ka amsa, kuma za ta iya ƙara wasu kwana 7 idan takardun suna da yawa ko akwai wanda dole ta tuntuɓa. Idan za ta hana, wajibi ne ta rubuto maka dalili tare da sashen dokar da ta dogara da shi. Idan ta yi shiru, doka ta ɗauki shirun a matsayin hanawa, daga nan kana da kwana 30 ka garzaya babbar kotu, kuma a can hukumar ce za ta kawo hujjar hanawarta, kai ba a ɗora maka nauyin komai ba. Idan kotu ta ga an hana ba bisa ƙa'ida ba, akwai tarar naira 500,000, wanda kuma ya lalata takarda ko ya sauya abin da ke ciki don kada a gani, ɗaurin shekara ɗaya ne mafi ƙarancin hukuncinsa. Ba a biyan kuɗin komai sai na buga kwafi. Akwai wani tanadi da na fi so jama'armu su sani: wanda bai iya rubutun boko ba yana iya wakilta wani ya nema masa, ko ya je da baki, ma'aikacin ya rubuta buƙatarsa ya ba shi kwafi.

Shekara da shekaru jihohi suna fakewa da cewa dokar ta tarayya ce, ba ta shafe su ba sai majalisar jiha ta yi tata, kamar yadda Ekiti ta yi tun 2011. Kotun ɗaukaka ƙara ma ta rabu biyu a 2018, reshen Benin ya ce ba ta hau kan jihohi ba, na Akure ya ce ta hau. Kotun ƙoli ta raba gardama a watan Afrilu 2025, a shari'ar da wasu mutane suka kai hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta jihar Edo kan yadda ta kashe kuɗi, inda ta ce dokar ta shafi dukkan matakan gwamnati. Saboda haka wannan mafakar ta rushe.

Alhaji Garba:
Barista, Allah ya ƙara basira, ban ga abin cirewa a bayaninka ba. Amma ni da na tsufa a ofishin kuɗi na ƙaramar hukuma kafin in yi ritaya, bari in gaya muku abin da takardarku za ta tarar idan ta shiga sakatariya. Abu na farko, duk ma'aikacin da ka gani an rantsar da shi kan riƙe sirri ranar da ya kama aiki, an kuma tsorata shi da Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa wata doka ta zo daga baya. Akawun da ya miƙa maka kwafin bauca ɗaya, wato takardar shaidar biyan kuɗi, ya san cewa kafin wata ya ƙare zai iya ganin takardar canjin wurin aiki zuwa garin da ko malaman makaranta sun daina kwana a cikinsa. Da me zai ciyar da iyalinsa idan ya tsaya kare haƙƙinka?

Abu na biyu ya fi wannan ciwo. Sau da yawa ba ɓoye takardar aka yi ba, babu ita ne, ko tana nan amma ba mai iya gano ta. Na ga ɗakin ajiya da baucocin shekaru suke ɗaure da igiya, an jibge su a ƙasa har sun kai taga, rufi yana yoyo a kansu, gara ta cinye na ƙasa, kuma mutum ɗaya ne tak ya san wane ƙunshi ne na wace shekara. Da ya rasu, sanin ya tafi da shi.

Na uku, adadin da Malam Sanusi yake gani a takardar Abuja ba shi ne ke isa hannun ma'aji ba. Tsarin mulki, a sashe na 162, ya kafa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, a can ake fara cire albashin malaman firamare da fansho da kason masarautu da abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, ragowar ita ce take sauka. Idan ka riƙe wuyan ciyaman ka ce ya kawo lissafin dukkan kuɗin, ka tambaye shi abin da shi kansa bai gani ba.

Barista Nasiru:
Ranka ya daɗe, Alhaji, wannan bayani ya fi ƙarfin abin da ake koya a aji. Sai dai game da rantsuwa, dokar 2011 ta hango wannan, domin sashe na 28 ya ce kasancewar an buga wa takarda hatimin sirri bai isa ya hana bayar da ita ba, sashe na 27 kuma ya kare ma'aikacin da ya bayar da bayani da kyakkyawar niyya daga tuhuma. Na yarda cewa kariya daga kotu ba kariya ba ce daga canjin wurin aiki, shi ya sa ba akawu za a tunkara ba, shugaban hukumar za a rubuta wa, shi ya ba da umarni da hannunsa. Rashin ajiye takardu kuma shi kansa saɓa wa dokar ne, domin ta wajabta wa kowace hukuma ta adana bayananta ta yadda za a iya samunsu. Game da asusun haɗin gwiwa, kotun ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun shugabanni. Aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa, wannan kuwa shi ne ma ya sa tambayar ta zama dole: nawa aka rubuta a Abuja, nawa ya shiga asusun ƙaramar hukuma, kuma wa ya cire bambancin?

Malama Shafa'atu:
Iyayena da yayyena, ku yi mini afuwa in sa baki. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, kuma ina ganin mun fara gini daga sama. Matar da ta zo awo da goyo a bayanta ba za ta rubuta wa kowa takarda ba, ba kuma za ta je babbar kotu ba ko da lauyan kyauta ne. Abin da take buƙatar sani shi ne ko maganin zazzaɓin da aka ce ta biya kuɗinsa an riga an biya mata shi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, kuma wani ɓangare nasa yana shiga asusun ƙananan asibitocin da aka zaɓa kai tsaye, tare da sa idon kwamitin ci gaban mazaɓa. Jiharmu tana da mazaɓu 147. Me zai hana a kowace mazaɓa a kafa allo a bakin asibiti, a rubuta da Hausa, da boko da ajami, abin da ya shigo da abin da aka saya da magungunan da suke kyauta? Haka makarantar firamare, haka wurin rabon taki. Dokar da Barista ya karanto, idan na fahimce shi, ba ta tsaya kan amsa tambaya kaɗai ba.

Barista Nasiru:
Haka ne, Malama. Sashe na 2 ya wajabta wa hukumomi su riƙa wallafa bayanai da kansu ba tare da an roƙe su ba, har da na kuɗin da suka karɓa ko suka kashe da kwangilolin da suka bayar, kuma ya haɗa da kamfanoni masu zaman kansu da suke aiki da kuɗin jama'a.

Dakta Bello:
Shawarar Malama Shafa'atu an gwada ta a wani wuri an ga amfaninta. A Yuganda, bincike ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995, kimanin kashi 13 cikin 100 ne kawai na kuɗin gudanarwa da gwamnatin tsakiya take aika wa makarantun firamare yake isa gare su, sauran yana maƙalewa a ofisoshin gunduma. Gwamnati ta fara buga abin da ta aika wa kowace gunduma a jaridu duk wata, aka kuma umarci makarantu su liƙa abin da suka karɓa a allon sanarwa. Zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. An yi wasu gyare-gyare a lokacin, saboda haka ba a ce allo kaɗai ya yi aikin ba, amma masu binciken sun lura cewa makarantun da suka fi kusa da inda ake sayar da jarida sun fi samun ƙaruwa. A Indiya ma, kafin dokarsu ta 2005, manoma da leburori ne a jihar Rajastan suka riƙa tara jama'a a fili ana karanta rajistar waɗanda aka ce an biya ladan aiki, sai ga sunayen matattu da na mutanen da ba su taɓa ɗaga diga ba.

Lawali:
Dakta, Allah ya ƙara ilimi, amma Yuganda da Rajastan ba su da abin da muke da shi a dajinmu. Ni ina zaune a ƙauye, kuma ina roƙon ku duba wannan da idon basira. Ranar da aka rubuta a jikin bango cewa makaranta kaza ta karɓi naira miliyan kaza, a daren nan infoma zai kai labari daji, kuma hedimasta ko ɗansa ne zai kwana a hannun 'yan bindiga, su ce a kawo kuɗin da aka rubuta a allo. A wurinmu wanda ya sayar da buhu goma na waken suya ɓoyewa yake yi, har maƙwabcinsa ba ya gaya wa. Ɗan kwangilar da aka kafa sunansa a bakin aiki ya zama abin farauta. Ba ina kare ɓarayin gwamnati ba ne, amma kada neman gaskiya ya sa mu jefa ƙananan ma'aikata cikin halaka alhali manyan suna Gusau da Abuja da masu gadinsu.

Hajiya Kulu:
Ƙanena Lawali, maganarka tana da nauyi, kuma duk wanda ya taɓa haɗa kuɗin fansa ba zai raina ta ba. Amma ka duba ɗaya gefen. Yanzu da ba a rubuta komai ba, infoma ya daina kai rahoto ne? Jita-jita yake kaiwa, ita kuwa jita-jita kullum ninka kuɗi take yi. Na san wata shugabar ƙungiyar mata da aka ba buhunan taki kaɗan ta raba, gari ya ɗauka mota guda aka sauke mata, sai da ta bar gidanta ta koma wurin 'yan'uwa. Da an karanta adadin a gaban dagaci ranar da kayan suka iso, da ba ta shiga wannan hali ba. Rufa-rufa manya take karewa, ƙananan da kake tausayi su take bari a rana.

Sannan ba dole ne allon ya ce akwai kuɗi a hannun wane ba. A rubuta kaya da aiki: katan nawa na magani, benci nawa, aji nawa za a rufe, wane kamfani aka ba, yaushe zai gama. Kuɗin su bi ta banki daga asusu zuwa asusu, a bayyana adadinsu bayan an kashe. Wanda ya zo neman tsabar kuɗi a makarantar da aka san benci aka kawo mata, me zai ɗauka? A garuruwan da abin ya yi tsanani ana iya barin bango, a karanta wa kwamitin makaranta da liman da dagaci, su sa hannu. Matsalar tsaro za ta iya sauya yadda za a faɗa, ban yarda ta zama dalilin ƙin faɗa ba.

Lawali:
Yaya Hajiya, na karɓi batun rubuta kaya maimakon kuɗi. Sunan kamfani ne har yanzu nake jin tsoro, domin a ƙauye kowa ya san mai kamfanin da gidansa.

Murtala na Anka:
Ni abin da ya faru a ƙasarmu zan tuna muku, domin ba sai mun je Yuganda ba. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, sakamakon niƙa duwatsun zinari a cikin gidaje, yara aƙalla 400 suka rasu. An share gubar daga ƙauyuka bakwai, aka bar Bagega, wadda ta fi su girma, da yara kimanin 1,500 suna jiran magani. Likitocin ƙungiyar agajin lafiya ta duniya MSF sun ce ba za su fara ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar, domin idan an wanke jinin yaro ya koma yana rarrafe a tsakar gidan nan, gubar za ta sake shiga, aikin ya zama na banza. A watan Mayu 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, aka shafe watanni ba a ga ko kwabo ba, kuma mutanen garin ba su san a teburin wa takardar ta kwanta ba. Wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka ɗauki maganar, suka riƙa tambaya a fili ta intanet da kafafen labarai: nawa aka amince, wace ma'aikata za ta karɓa, yaushe? A ƙarshen Janairu 2013 aka saki kuɗin, a shekarar aka share Bagega aka fara ba yara magani. Daga nan shirin Follow The Money, mai bin sawun kuɗin gwamnati, ya samo asali.

Abin da na ɗauka daga ciki shi ne, ba zagi ne ya fito da kuɗin ba. Adadi ne da sunan ma'aikata da kwanan wata, aka yi ta maimaita su har kunya ta kama masu riƙe da takardar. Da alkawarin bai fito fili da adadinsa ba, da ba abin da za a bi.

Aminu:
Iyayena, a yi wa gwamnatoci adalci, abubuwa da yawa suna intanet yanzu. Tun da Bankin Duniya ya kawo shirin SFTAS a 2018, wanda yake ba jihohi tukuici idan suka wallafa kasafin kuɗi da rahoton odita a kan lokaci, jihohi suka shiga sanya su a shafukansu. Nijeriya ta shiga ƙawancen buɗaɗɗiyar gwamnati na duniya a 2016, a Disamba 2019 kuma aka buɗe shafin baitulmalin tarayya da ke nuna manyan kuɗaɗen da ma'aikatu suke biya. Ƙungiyar BudgIT tana sauƙaƙa kasafi, tana kuma bibiyar ayyukan mazaɓu. Mu ne ba ma karantawa.

Malam Sanusi:
Ɗana Aminu, gaskiyarka, kuma laifin masu ilimin cikinmu yana nan. Amma kundi mai ɗaruruwan shafuka da Turancin akantoci, wanda sai da data da babbar waya za a buɗe shi, an wallafa shi ne don mai ba da tukuici ya gani. Ka tuna Satumba 2021 da aka katse layukan waya a jihar nan, wasu wurare makonni, wasu watanni. Duk bayanin da ke intanet kaɗai ya ɓace mana a lokacin, rediyo ce ta rage. Sannan kasafi niyya ce kawai. Abin da zai amfane mu shi ne rahoton abin da aka saki da abin da aka yi da shi, gari-gari. Ku matasa da kuka iya shiga waɗannan shafuka, aikinku shi ne ku ciro na kowace mazaɓa ku mayar da shi Hausa a shafi ɗaya.

Malam Liman:
Jama'a, akwai masu ganin tambayar shugaba lissafi rashin ladabi ne ko tsarin Turawa, ina so in kawar da wannan. Ya tabbata a hadisi ingantacce cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya karɓar zakka, da ya dawo aka yi lissafi da shi, ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi ya hau mumbari ya yi magana a gaban jama'a, yana tambayar me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Ku lura, an yi lissafi da ma'aikaci, kuma an sanar da jama'a. Sharaɗin kawai shi ne a tambaya da ladabi, kada a tuhumi mutum da sata kafin a ga takarda, domin zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Lawali:
Allah gafarta Malam, tun da an zo nan, to kuɗin tsaro fa, wato wanda ake ware wa gwamnoni da wasu manyan jami'ai su kashe yadda suka ga ya dace? A jihar da tsaro ne babbar damuwarta, shi ne kuma kuɗin da ba a taɓa jin lissafinsa.

Barista Nasiru:
Wannan ba matsalar jiharmu kaɗai ba ce. Ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta a rahotonta na 2018 cewa abin da ake kashewa da sunan kuɗin tsaro a faɗin Nijeriya ya kai kimanin dala miliyan 670 a shekara, mafi yawansa ba tare da binciken odita na ƙa'ida ba. Doka ta amince a ɓoye abin da zai cutar da tsaron ƙasa ko ya tona asirin mai ba jami'ai labari, kuma babu mai hankalin da zai nemi a gaya masa ranar da za a kai samame. Amma ta kuma ce idan maslahar jama'a ta rinjayi cutarwar, a bayar. Jimillar abin da aka kashe a shekara, da adadin motocin da aka saya, da ko an biya alawus ɗin waɗanda ke bakin daga, ban ga yadda saninsu zai taimaki ɗan bindiga ba. Duk da haka shawarata kada mu fara da wannan, domin nan ne suka fi samun hujjar hanawa, kuma shari'ar za ta ja lokaci.

Alhaji Garba:
To idan da gaske kuke, ku ji ta bakin wanda ya san yadda ake kashe takarda a ofis. Kada ku rubuta cewa kuna son lissafin duk kuɗin da aka kashe tun 1996 da aka ƙirƙiro jihar, wannan kyauta ce kuka ba mai son ya ce aiki ya yi yawa. Ku zaɓi wata uku da suka wuce, ku nemi abu uku: takardar banki da ke nuna abin da ya shiga asusu, jerin abin da aka cire kafin ya shigo, da jerin ayyukan da aka biya tare da wurin da kowanne yake. Ku yi kwafi biyu, ku kai wurin akawun da ke karɓar wasiƙu, ku tsaya har ya buga hatimi da kwanan wata a kan naku, domin takardar da ba ta da hatimin karɓa ba a taɓa kawo ta ba. Ku aika kwafi ga babban mai binciken kuɗi na ƙananan hukumomi da kwamitin majalisar jiha mai kula da asusun jama'a. Kuma ku fara gaida hakimi ku gaya masa abin da kuke shirin yi, kada ya ji a bakin wani.

Hajiya Kulu:
Alhaji, gaida hakimi ladabi ne, na yarda, amma a bayyana masa cewa sanarwa aka zo yi, domin idan ya ɗauka izini ake nema, zai iya cewa a dakata, daga nan kuma ba mai iya tsallake maganarsa. Ina kuma ba da shawarar a kai takarda iri ɗaya ga dukkan ƙananan hukumomi 14 a rana ɗaya, don kada wani ciyaman ya ce abokan hamayyarsa ne suka turo mu.

Lawali:
Ni zan kai ta wurinmu, amma ba da sunana ni kaɗai ba. A sa sunan ƙungiya, mutum biyar su sa hannu, kuma a bar batun sunayen 'yan kwangila a takarda tsakaninmu da hukuma, kada a liƙa a bango tukuna.

Malam Sanusi:
An karɓa. Barista zai tsara takardar da Turanci da Hausa ya sanya a nan mu duba kafin Juma'a. Aminu zai ciro kason kowace ƙaramar hukuma na watannin ukun daga takardar rabon Abuja, domin mu sami abin da za mu gwada amsarsu da shi. Malama Shafa'atu, ki tuntuɓi kwamitin mazaɓarku kan batun allo, a fara da jerin magungunan da suke kyauta, tun da wannan ba ya jawo hankalin kowa sai marar lafiya. Har yanzu ba mu da wanda zai kai ta Maradun da Birnin Magaji, duk mai ɗan'uwa amintacce a can ya yi mini magana.

Barista Nasiru:
A tuna a rubuta ranar da aka buga kowane hatimi a aiko mini da hotonsa, domin daga ranar ake fara ƙirga kwana 7, kuma idan wa'adin ya cika ba amsa, daga nan kwana 30 na zuwa kotu suke fara tafiya.